Zulaihatu Doguwa da Asuwakin Mijinta

A 'Yargoje aka haifi Zulaihatu, a gidan manoma masu dawa da gyaɗa, kuma tun tana goye mata ke cewa wannan yarinya za ta cika ƙofa. Ta kuwa cika. Kafin ta isa aure ta fi yayyenta maza tsawo, kafaɗunta sun buɗe saboda daka da matsar ƙuli, don uwarta mai man gyaɗa ce, ita kuma tun tana ƙarama take taya ta. Idan buhun gyaɗa ya gagari samari a tasha, ita ke zuwa ta rungume shi ta aza kan babur, ta karkaɗe zaninta ta wuce ba tare da ta kalli kowa ba. Amma ba ta da faɗa ko kaɗan. Murya ma ƙarama Allah ya ba ta, sai an matso ake jin abin da ta ce.

A kasuwar Ƙanƙara ta haɗu da Yahuza. Mutumin Mairuwa ne, mai gyaran rediyo da tocila, yana zuwa ran kasuwa ya shimfiɗa tabarma kusa da masu mai. Gajere ne siriri, hularsa ta fi kansa girma, amma Allah ya hore masa baki. Yakan kwaikwayi muryar masu karanta labarai a rediyo, ya sanar da cewa an kama wata akuya da laifin cin albasar Alhaji wane, kuma ta ce ba za ta yi magana ba sai lauyanta ya zo. Zulaihatu takan rufe baki da mayafi tana dariya har hawaye. Samarin garinsu shakkarta suke yi, ba mai tsayawa da ita. Yahuza kaɗai ya zo ya tsaya a gabanta, ya ɗaga kai sama kamar mai duban wata, ya ce yana sonta.

Ba wanda ya tilasta mata. Mahaifinta ma sai da ya sake tambayarta ko ta duba da kyau, ta ce ta duba. Aka ɗaura aure aka kai ta Mairuwa. Ƙanwar mahaifinta, Goggo Safara'u, wadda ta daɗe tana aure a garin, ita ta riƙe hannunta ta shigar da ita ɗaki, ta gaya mata cewa namiji namiji ne ko da tsawonsa bai wuce na tulu ba, kuma abin da ya faru a cikin gida a cikin gida yake mutuwa.

Watannin farko lafiya lau. Abokan Yahuza ne a majalisa suka fara tsokanarsa, suna tambayarsa wa ke goya wani a gidan, kuma wai da tsani yake gaishe ta. Yana dariya tare da su, amma abin na cinsa. Wata rana ya dawo da yamma fuska a murtuke, ya ɗanɗani miya ya ce gishiri ya yi yawa, ya miƙe ya kai mata hannu. Hannun ya sauka a kafaɗarta. Ita ta ɗauka sauro ya kashe mata, sai ta ce masa sannu.

Wannan sannun ita ta harzuƙa shi. Ya jawo turmi daga gindin bango, ya kife shi a gabanta, ya fara kiciniyar hawa. Zulaihatu ba ta gane abin da yake nufi ba, ta zaci wani abu zai ɗauko a kan katanga, har ta miƙa masa hannu don kada ya faɗi. Ya dafa hannun nata ya hau, ya daidaita tsayuwarsa, sannan ya wanke ta da mari.

Ta daɗe a tsaye a wurin bayan ya fita. Zafin marin bai dame ta kamar tunanin cewa ita ta taimaka masa ya hau ba.

Daga nan abin ya zama jiki. In kasuwa ta yi masa daɗi, ya shigo da raha da tsire. In wani ya raina shi a waje, ko rediyo ya ƙi gyaruwa, sai ta ji ƙarar jan turmi a tsakar gida. Ta taɓa shan mari don ta yi atishawa ana cikin labaran duniya. Da ta yi yaji ta koma 'Yargoje, uwarta ta yi kuka, amma mahaifinta da ya ji zancen turmi sai dariya ta kuɓuce masa, ya yi ta istigfari yana goge ido. Yayyenta suka ce ita da za ta iya saka shi a aljihu, ina abin kuka. A nan ta gane inda ta maƙale. In ta rama, ta zama matar da ta doki mijinta, kuma wannan sunan har jikokinta za su gada. In ta kai ƙara, dariya za a yi. Yahuza ya zo biko da sabulu da turmin atamfa, ya gyara wa mahaifinta rediyo kyauta, ya sa gidan duka dariya har da uwar tata. Da la'asar ya ɗauko ta a bayan babur suka koma.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ta haifi Shamsu, ta haifi Zulfa. Ta kafa sana'ar uwarta a Mairuwa, har masu ƙosai da masu tuyar awara suka san man Zulaihatu Doguwa ba ya wari. Maƙwabta na jin abin da ke faruwa, don katangar ba ta da tsawo, amma da safe in sun zo sayen mai sai su tambaye ta yaya gajiya, ta ce babu gajiya.

Ranar da ta kauce ma ba da niyya ta yi ba. Yahuza ya hau turmi ya ɗaga hannu ke nan, sai ta hango Zulfa na rarrafe ta nufi murhu. Ta sunkuya ta fizgo yarinyar. Hannun Yahuza ya wuce ta saman kanta ya sami iska, turmin ya mirgina, ya zo ƙasa a kan tsintsiyar hannunsa. Ƙarar karayar har maƙwabta sun ji, kuma a wannan karon sun shigo da gudu.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure hannun da karare da tsumma. Gidan ya cika da 'yan dubiya. Zulaihatu ce ke dafa masa farfesun kaza, ita ke ba shi a baki, ita ke yi masa fifita yana nishi. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi yaya hannun, ya juyo ya ce mata ta yi ta haƙuri da jinya.

Da ya ɗan samu sauƙi, yayansa Alhaji Audi, mai sayar da taki, ya kira zama a zaurensa. Aka gayyaci limamin unguwa Malam Salihu, aka kira Goggo Safara'u a matsayin uwar Zulaihatu. Ita kuma aka ajiye ta a bayan ƙofa. Abin da aka taru a tattauna shi ne ko ya halatta mace ta kauce. Alhaji Audi ya ce da ta tsaya inda take, da yanzu ƙaninsa na kan sana'arsa, ga rediyoyin mutane jibge babu mai gyarawa. Wani kawunsu ya ce shi bai ga laifin kaucewa ba, amma ya kamata ta fara sanar da shi cewa za ta kauce. Wani ya kawo shawarar a gina wa Yahuza ɗan dakali na siminti a tsakar gida, tunda turmi ba abin dogaro ba ne. Goggo Safara'u ta ba da haƙuri a madadin ɗiyarta, ta ce ƙuruciya ce, in Allah ya yarda ba za ta sake ba.

Malam Salihu dattijo ne mai sanyin magana, ya bari kowa ya gama. Sannan ya ce shi bai san inda aka samo wannan tambaya ba. Ya ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa ɗaga hannu ya doki mace ba, kuma wanda ke son koyi da shi ga hanya nan a fili. Zulaihatu a bayan ƙofa ta ƙara kasa kunne, don tunda ta zo garin ba ta taɓa jin namiji ya faɗi haka ba. Amma Alhaji Audi ya matsa, ya ce ai sun ji ana cewa akwai dukan ladabtarwa. Liman ya yi ajiyar zuciya, ya ce malaman da suka yi magana a kai sun ƙuntata abin matuƙa, sun ce kada ya wuce kamar taɓawa da asuwaki, ban da fuska, ban da abin da zai bar tabo, kuma sun haɗu a kan cewa barinsa ya fi.

A duk jawabin nan kalma ɗaya Yahuza ya tafi da ita gida.

Da hannu ya warke, ya ɗauki gatari ya nufi bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke bayan gari, ya saro reshe mai kaurin damtse, tsawonsa ya kusa kai nasa. Ya feƙe shi tas. Kowace safiya bayan sallah sai ya zauna a ƙofar gida ya ɗan tauna gefen bakin reshen, yana yamutsa fuska saboda ɗaci, don kowa ya shaida asuwaki ne. Masu wucewa na tambayarsa, yana ce musu Malam ne ya yi fatawa. Ya daina buƙatar turmi. Har ya gaya wa abokansa cewa ilimi na rage wa mutum wahala.

Zulaihatu ta aika wa liman ta bakin matarsa. Dattijon ya tako da kansa ya sami Yahuza, ya ce masa wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaye shi. Yahuza ya durƙusa ya ce ya ji ya gode, ya raka shi har bakin hanya. Da ya dawo, ya doke ta don ta kai ƙararsa.

A shekarun nan ne hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga. Ƙauyuka suka fara watsewa, mahaifinta ya rasu, uwarta ta koma wurin babban ɗanta Malam Mas'ud a Sabuwa. Kowa a Mairuwa kunnensa a tsaye yake. Wata rana da hantsi tayar wata babbar mota ta fashe a kan titi, wani ya yi ihun sun shigo, gari ya ruɗe. Zulaihatu ta tura yaran ƙarƙashin gado, ta ɗauki taɓarya ta tsaya a bakin ɗaki. Ba ta ga inda Yahuza ya yi ba. Sai da ƙura ta lafa, aka gane taya ce, sannan ta ji wani gunji na fitowa daga rumbun dawa. Ta leƙa ta ga tafin ƙafafu biyu suna harbin iska. Ashe ta saman rumbun ya zura kai, ya tafi a kife ya nutse cikin zangarniya. Ta kama idon sawunsa ta zaro shi, ta dire shi a ƙasa, ta shiga kakkaɓe masa ƙaiƙayi. Matan maƙwabta da suka leƙo ta katanga don su tambayi lafiya suka ga komai.

Ranar ya manta ma da zancen ban da fuska. Asuwakin ya same ta a kunnen hagu. Ta ji wani ƙara kamar an fasa tulu a cikin kanta, daga nan wannan gefen ya yi shiru.

A asibiti ta ce wa ma'aikaciyar jinya jaki ne ya harbe ta. Matar ta duba kunnen, ta duba tsofaffin tabban da ke wuyanta da bayanta, ta ce jakin nan ya daɗe a gidan, kuma in ba a rabu da shi ba wata rana gawa za a kawo mata. Ta ce kunnen ba zai dawo ba. Zulaihatu ta karɓi magani ta yi godiya.

Sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. In Yahuza ya kira ta daga hagu ba ta ji, shi kuma ya ce raini ne. Aka sake zama a zauren Alhaji Audi, wannan karon ba a kira liman ba. Aka yanke cewa maganin abin mai sauƙi ne, ta riƙa ba mijinta gefen dama a kowane lokaci. Zulaihatu ta gwada da gaske. In yana zaure, sai ta juya murhu ta yi girki a karkace. In ya zaga bayan gida, ta juya. In ya dawo, ta sake juyawa. Yahuza kuwa mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya, sai ta wuni tana kewaya kanta a tsakar gida, har yaran suka ɗauka wasa ne suka shiga taya ta.

Wata safiya tana cikin wannan juyi, yana ta kai da kawo yana neman wani ƙaramin sukundireba, sai ta ga fuskarta ta fuskanci ƙofar gida. Ta tsaya. Ba ta shirya komai ba, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sauke tukunya daga wuta don kada ta ƙone, ta goya Zulfa, ta kama hannun Shamsu, ta yafa mayafi ta fita. A tasha ta shiga motar Faskari, ta tambayi inda kotu take.

Alƙalin mutum ne mai furfura a gemu, mai yawan kallon mutane ta saman tabarau. Ya saurare ta, ya sa ta maimaita saboda ƙanƙantar muryarta. Ya ce shari'a ta ba mace damar a raba aurenta in miji na cutar da ita, amma sai ta kawo shaidu. Aka sa rana, aka aika wa Yahuza sammaci. Malam Mas'ud ya zo daga Sabuwa ya tsaya mata, yana ta jin kunyar dariyar da ya yi shekarun baya.

Shaidun suka zo, don sammaci ba a ƙinsa. Maƙwabcinsu na gabas ya ce shi injin niƙa ke kusa da gidansa, ba ya jin komai. Na yamma ya ce yana jin bugu lokaci-lokaci, amma ya ɗauka sussukar dawa ake yi, ko da yake ya yi mamakin gidan da ke sussuka har cikin damina. Matan da suka leƙo ta katanga suka ce su rumbu kawai suka gani. Goggo Safara'u ta ce ita dai ta san ana ɗan saɓani irin na harshe da haƙori, ta faɗa tana kallon ƙasa. Malam Salihu liman, wanda shi kaɗai zai faɗi gaskiya, yana kwance ba lafiya. Alhaji Audi kuwa tun a mota ya ja wa ƙaninsa kunne cewa duk abin da aka tambaye shi ya ce bai yi ba. Yahuza ya tashi ya ce bai taɓa ko nuna ta da yatsa ba.

Zulaihatu ta ga ƙararta na rushewa a gabanta. Ta fara tunanin yadda za ta koma gidan nan, da abin da zai biyo baya.

Alƙali ya cire tabarau ya goge, ya dubi Yahuza daga hula zuwa takalmi, ya dubi Zulaihatu. Har yau ba ta san ko da gangan ya yi ba. Ya ce, "Ni ma dai tun farko abin bai shige ni ba. Malam Yahuza, in ban da abin mata, mutum kamarka ina zai iya dukan wannan baiwar Allah? Ko haɓarta ba ka kai ba."

Kotu ta ɗauki dariya, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Wuyan Yahuza ya kumbura. Alhaji Audi ya jawo masa riga, ya fizge.

"Allah shi gafarta Malam, wa ya ce ban iyawa?" in ji shi. "A tambayi duk Mairuwa. Shekara nawa ina dukanta, halan an taɓa jin ta rama?"

Daga nan ba wanda ya iya tsayar da shi. Ya yi bayanin turmi, har ya nemi hawa bencin kotu ya nuna yadda ake yi. Ya ɗaga tsintsiyar hannunsa da ta warke a karkace ya ce ga shaida nan, a kira mai ɗori. Ya juya kan maƙwabcin da ya ce sussuka ce, ya kira shi maƙaryaci, ya tuna masa ranar da ya leƙo ya ce a yi a hankali yaransa na barci. Ya ce kuma shi bai saɓa wa addini ba, da asuwaki yake yi. Alƙali ya ce a kawo asuwakin. Ashe yana ɗaure a jikin babur ɗinsa a waje. Da aka shigo da shi, alƙali ya ɗaga shi da hannu biyu ya jinjina, ya miƙa wa Yahuza ya ce ya goge haƙoransa kotu ta gani. Yahuza ya wangale baki iya ƙarfinsa, reshen ya ƙi shiga.

Mutane na ta dariya, shi kuma ya ɗauka tasa ce ta yi kyau, kamar lokacin da yake ba da labarin akuya a kasuwa. Ya ci gaba da lissafo ranaku. Zulaihatu na zaune tana jin abubuwan da ta yi shekaru tana ɓoyewa don kunya ana baza su da alfahari, har da waɗanda ita ta manta. Sai ya zo kan wata damina, tsakanin haihuwar Shamsu da ta Zulfa, lokacin da ya ce ya taka ta a ciki don ta bar kaji sun shiga masa kayan gyara, ta yi kwanaki ba ta tashi ba. Ya faɗa yana murmushi, yana jiran a yi dariya.

Ba wanda ya yi. Zulaihatu ta ɗago kai, muryarta ta fito fiye da yadda aka taɓa jin ta. Ta ce, "Ciki gare ni lokacin, ranka shi daɗe. Namiji ne. Ni da Goggo muka rufe shi a bayan ɗaki."

Goggo Safara'u ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Yahuza ya tsaya da reshen a hannu, ya dubi yayansa, yayan ya kau da kai.

Alƙali bai ɗaga murya ba. Ya ce iƙirarin mutum a kan kansa ya wadatar, ya raba auren saboda cutarwa, ya bar yaran a hannun uwarsu, ya ɗora wa uban ciyar da su. Ya gaya wa shaidun cewa su je su nemi gafarar Allah, don shi ba shi da wurin da zai tsare rabin unguwa. Ya sa aka riƙe reshen a kotu. Yahuza ya tambaya ko za a mayar masa in an gama da shi.

Ya koma Mairuwa yana gaya wa mutane cewa shi ya yi nasara, tunda duk shaidun an ƙaryata su, maganarsa kaɗai alƙali ya ɗauka. Ya nemi aure a wurare da dama bayan haka, amma labarin kotun ya riga shi isa ko'ina.

Zulaihatu ta yi idda a Sabuwa, a gidan Malam Mas'ud, kusa da uwarta. Watannin farko ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko kujera aka ja a tsakar gida sai gabanta ya faɗi. Wani lokaci kuma, abin da ba ta gaya wa kowa sai uwarta, takan tuna yadda yake ba ta dariya a kasuwar Ƙanƙara, ta rasa inda wancan mutumin ya tafi, ko kuwa dama bai taɓa kasancewa ba. A hankali ta kafa kaskonta, ta sami masu saye, ta kama ɗan gida a unguwar da ke bayan makarantar firamare, ta sa yaran a makaranta. Zawarawa sun zo, ciki har da wani dogon bafulatani mai shanu wanda kowa ya ce sun dace. Ta ce a bar ta ta huta tukuna, kuma har yanzu hutun take yi.

A wannan unguwar ne ta ɗauko wata ɗabi'a da ba wanda ya koya mata. Wata rana gab da azahar tana ɓarar gyaɗa ta ji kukan Alheri, wata yarinya maƙwabciyarta da ke auren wani mai facin taya. Ta san irin kukan. Ba ta san abin da za ta ce ba, don ita ba mai magana ba ce. Sai kawai ta ɗauki tirenta na gyaɗa, ta yi sallama ta shiga gidan, ta sami wuri a tsakar gida tsakanin miji da mata ta zauna, ta ci gaba da ɓara. Mai facin ya tsaya da bel a hannu ya tambaye ta lafiya. Ta ce lafiya lau, gidanta ne rana ta yi yawa. Ya jira ta tashi, ba ta tashi ba. Ya zaga, ya dawo, ya yi tsaki, daga ƙarshe ya mayar da bel ɗin a ƙugunsa ya tafi masallaci tun ba a kira sallah ba.

Mata suka ji labari. Daga nan in abu ya taso a wani gida, sai a aika mata ta katanga, ta ɗauki tire ta tafi. Ba ta yi wa kowa wa'azi, ba ta zagin kowa, in an gaishe ta ta amsa. Wani gidan takan wuni, wani sai ta koma washegari da wanshekare. Ba kowane gida abin ya gyara ba. Akwai wanda ya jira ta tafi ya ƙarasa abin da ya fara, akwai matar da ita da kanta ta raka ta kotu, akwai kuma wadda ta roƙe ta kada ta sake zuwa. Amma ladanin unguwar ya fara yaba wa magidanta a kan yadda suke sammakon zuwa masallaci, wasu tun rana na tsaka.

Daga baya wasu maza suka haɗu suka kai ƙara wurin mai unguwa, suka ce wata bazawara na shiga gidajensu tana hana su tafiyar da iyalinsu. Mai unguwa ya tambaya ko tana zaginsu, suka ce a'a. Ko ta taɓa wani, suka ce a'a. Ko tana shiga ba sallama, suka ce tana yi, kuma matan ke amsa mata. Ya ce to me take yi. Suka ce gyaɗa take ɓarewa, kuma ɓawon ma tana kwashe abinta. Mai unguwa ya shafa gemu, ya ce lallai wannan babbar magana ce, ba za a bar mace ta raina magidanta ba, su ba shi lokaci zai ɗauki mataki mai tsanani.

Washegari da hantsi masu shago a bakin layi suka ga Zulaihatu ta fito da tire a kai, ta wuce su, ta yi sallama a ƙofar gidan mai unguwa. Suka ɗauka kiranta ya yi don ya ja mata kunne. Can sai ga mai unguwa ya fito da sauri yana gyara hula, ya zauna a benci cikinsu, ya ce a ba shi shayi. Wani ya tambaye shi ko ya yi mata maganar. Ya ce ba shi ya kira ta ba, matarsa Hajiya ce ta aika mata.